Ji Kawai Kika Yi

Yaya: Salamu alaikum. Da wa nake magana?

Auta: Wa alaikumus salam. Ina wuni, Yaya?

Yaya: Auta? Ke ce? Lambar wa kika samo kuma?

Auta: Ta abokiyar aikina ce, wadda muke tebur ɗaya. Ina wuni dai tukuna.

Yaya: Lafiya lau. Ya aiki?

Auta: Da godiya. Ya gajiya?

Yaya: Ba gajiya. Ya Mama da ƙafar?

Auta: Da sauƙi, kumburin ya saɓe. Tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko hanyar gidan ce ta ɓace maka, a turo mai nuna maka.

Yaya: Zan zo. Aiki ne ya sha kaina.

Auta: Ya Anti da yara?

Yaya: Duk lafiya. Ya ɗakin karɓar kira? Kuna can kuna shan sanyin esi, mu kuna tura mu cikin wuta.

Auta: Ku dai 'yan kwana-kwana ba ku da wata magana sai wannan. Ƙarar me nake ji haka? Kamar ana ruwa.

Yaya: Tiyo muke wankewa a tsakar tasha. Kai Direba, rage ruwan nan, waya nake! To, ina jin ki. Lafiya dai ko?

Auta: Lafiya lau. Yaya, me na yi maka?

Yaya: Kamar ya?

Auta: Tun gobarar benen nan ba ka ƙara ɗaukar wayata ba. In kira da safe, shiru. In kira da yamma, shiru. In turo saƙo, ka maido min da kalma ɗaya, wai "madalla".

Yaya: Wayar ce ke ba ni matsala.

Auta: Wayar da ta ɗauki baƙuwar lamba a bugun farko?

Yaya: Yanzu katin mutane kika ara don ki yi min titsiye?

Auta: A'a, wata magana ce ta sa na kira. Matar nan da aka turo muku tana nan?

Yaya: Wace mata?

Auta: Likitar. Wadda ake zama da ita a faɗi damuwa.

Yaya: Oho, Mai Tishu.

Auta: Wa?

Yaya: Haka yaran nan suka sa mata. Ranar da ta fara zuwa da kwalin tishu ta zo, ta ɗora a tebur tana jiran ƙarti su shigo su yi mata kuka. Tana nan, ga ta can ina hango ta. An ba ta ɗakin da muke jibge tsofaffin hulunan kwano.

Auta: Mutum nawa suka shiga wurinta?

Yaya: Mai shara ya shiga, ya share ya fito.

Auta: Ba wasa nake ba, Yaya.

Yaya: Ni ma ba wasa nake ba. Ƙofar ɗakin nan tana kallon bencin da kowa ke zama. In ka ɗaga ƙafa za ka nufi wurin, kafin ka sauke ta an yi maka waƙa. Wa zai shiga?

Auta: Ni zan shiga.

Yaya: To ki zo ki shiga mana, wa ya riƙe ki?

Auta: An riƙe ni. Na je wurin shugabarmu na ce ina so a haɗa ni da matar. Ka san abin da ta ce min? Ta cire tabarau ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce ai don waɗanda suka je wurin gobarar aka turo ta. Wai ni ban je ba, ban ga komai ba. Wai ji kawai na yi.

Yaya: To ai...

Auta: Ai me?

Yaya: Ba komai. Ci gaba.

Auta: Sai na nemo lambar likitar na kira ta da kaina. Mutuniyar kirki ce wallahi, ta saurare ni. Ta ce da son ranta ne da tuni ta zauna da ni, amma tasharku aka rubuta mata, ba ɗakinmu ba. Kuma yau ce ranarta ta ƙarshe. In ba wanda ya shiga, dole ta koma ta ce tasha ba ta da buƙata, shi ke nan an rufe maganar. Amma ko mutum ɗaya ne ya shiga cikin waɗanda suka je gobarar, tana da bakin cewa a ƙara mata lokaci, ta kuma roƙa a haɗa da mu masu karɓar kira.

Yaya: To Allah ya kawo mai shiga.

Auta: Kai nake so ka shiga.

Yaya: Me? Ban ji ba, sabis ɗin yana rawa.

Auta: Ka ji sarai. Na ce kai nake so ka shiga.

Yaya: In shiga in ce mata me? Lafiyata ƙalau. Ina ci, ina sha, ina hawa tsani ina sauka.

Auta: Ko ba ka ce komai ba. Ka zauna ka gaishe ta, ka tambaye ta ya hanya, ka fito. Ita dai ta samu wanda za ta ce ya shigo.

Yaya: Auta, ke yarinya ce, ba ki san wurin nan ba. Kin tuna Dogo?

Auta: Wanda kuka shiga aiki tare?

Yaya: Shi. Bara bayan hatsarin tankar nan ya je ya ga irin waɗannan likitocin, da ƙafarsa, ba wanda ya tura shi. Aka ce masa sirri ne. Mako bai zagayo ba Kwamanda ya kira shi, wai a ɗan sauke shi daga mota ya huta. Har yau yana hutawa. Yana sito yana jera takalma ƙafar dama da ta hagu. Mutumin da ba wanda ya kai shi iya riƙe bakin tiyo a tashar nan. Yanzu in ƙararrawa ta kaɗa, ya fito bakin ƙofa ya tsaya yana kallonmu muna fita. Yara ƙanana da ya koya wa ɗaura igiya suna ce masa Majinyaci. Haka kike so a mai da ni?

Auta: Ba haka nake so ba. Amma ni kuma fa?

Yaya: Ke me ya same ki? Ki nemi hutu, ki yi barci, ki sa Mama ta yi miki addu'a. Aikin ne haka. Mu da muka ɗauko mutane da hannunmu ba mu ce komai ba, ke da kike zaune a kujera da abin kunne...

Auta: Ƙarasa mana.

Yaya: Ba abin da zan ƙarasa.

Auta: Ƙarasa. Ka ce ji kawai na yi. Kai ma faɗi, in san bakinku ɗaya da ita.

Yaya: Ban ce ba.

Auta: Ku in kun je wuri, kuna da abin yi. Ka fasa ƙofa, ka ja tiyo, ka ɗauki mutum a kafaɗa, ka dawo a gajiye ka faɗi. Ni hannuna biyu a kan tebur suke, mutum yana mutuwa cikin kunnena, ba abin da zan miƙa masa sai baki. In layi ya yanke ba mai zuwa ya gaya min yadda aka ƙare. Wani kiran ne zai shigo, in gyara murya in ce ina ne abin ya faru. Ranar gobarar nan, ina sauke kiran matar da wutar ta tsare a bene, wani ya kira wai magensa ta maƙale a rufin ɗaki. Na amsa masa da ladabi, Yaya. Har na ce masa sannu.

Yaya: To ai kin iya aikinki ke nan.

Auta: A da na iya. Jiya wata mata ta kira, ɗanta ya haɗiyi murfin kwalba, ya kasa numfashi. Abin da nake faɗa ko cikin barci aka tashe ni. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Muryarta ce ta yi min kama da ta waccan matar ta gobarar. Ina jin ta tana ihu tana cewa ku yi magana mana, ni kuma ina kallon allo kamar gunki. Wannan mai wayar ce ta fizge kiran ta ƙarasa. Da ta fita shan ruwa a lokacin fa?

Yaya: Yaron ya tashi?

Auta: Ya tashi. Ba da taimakona ba.

Yaya: Shugabarku ta sani?

Auta: In ta sani ai gida za ta tura ni. Ka ga ni ma ina da nawa siton.

Yaya: Hm. Allah ya sawwaƙe. Ki daure, zai wuce. Kowa da haka ya saba.

Auta: Kai ya wuce maka?

Yaya: Ni ba abin da ya zo balle ya wuce.

Auta: To maganar taga fa? Anti ta ce...

Yaya: Ta ga me?

Auta: Ba ta ga ba. Taga. Tagar ɗaki.

Yaya: Wa ta gani a ɗaki? Ɗaga murya, injin ruwa suka tayar.

Auta: Tagogin gidanka, Yaya! Anti ta ce ka zo da zarto ka yanke ƙarafen tagogin gidan kaf, har da na bayi. Ta ce kwaɗon ƙofar waje ma ka cire ka jefa a kwata. Mai gidan haya ya zo yana ta faɗa, ka ce masa ya kai ka ƙara. Yanzu ita da sanda take kwana a gefen gado don tsoron ɓarayi.

Yaya: Wato har ta kai ku zauna ku yi shari'ata.

Auta: Ba shari'a ba ce, tsoro take ji. Ta ce ranar nan ƙaramar ta kulle kanta a ɗaki tana wasan ɓuya, ka sa ƙafa ka ɓalle ƙofar, ka daka wa yarinya tsawar da har ta yi fitsari a tsaye.

Yaya: Ƙarfen taga tarko ne. Duk wanda ya san aikinmu ya san haka. Ɓarawo talabijin zai ɗauka ya tafi, wuta kuwa ba ta barin kowa. Wannan ba ciwo ba ne, hankali ne.

Auta: Shekara nawa kana aikin nan da ƙarafen a jikin tagoginka? Sai yanzu hankalin ya zo?

Yaya: Auta, ki iya bakinki. Ni ba sa'anki ba ne.

Auta: Yi haƙuri. Allah ya ba ka haƙuri, Yaya. Amma ni ban san wanda zan kama ba in ba kai ba.

Yaya: Na ji. Sai an jima, ana jira na.

Auta: Tsaya, kar ka kashe. In ba za ka shiga ba, to ka amsa min tambaya ɗaya, wadda nake ta kiranka a kanta. Kai ka hau tagar matar nan da ta kira ni ranar gobarar, an gaya min.

Yaya: Ba ma maganar aiki in an dawo. Kin sani.

Auta: Ni na ce mata kar ta fita. Ta ce min za ta gudu ta matakala, na ce a'a, ki rufe ƙofa, ki jiƙa zane ki toshe ƙasanta, ki koma bakin taga, suna hanya. Ta ce min tagar da ƙarfe, na ce za su yanke. Ta ji maganata ta zauna. Da na bar ta ta gudu, da ta fita?

Yaya: A'a.

Auta: Kar ka faɗa don ka kwantar min da hankali.

Yaya: Yaushe na taɓa lallashin ki? Matakalar ta riga ta zama wuta tun kafin ta kira ku. Mu kanmu da kayan jikinmu ba mu iya bi ta nan ba. Da ta buɗe ƙofar nan ko taku uku ba za ta yi ba. Abin da kika gaya mata shi ne daidai, ko ni ne haka zan ce. Motocin da aka ajiye a lungun ne suka tsare mu, sai da muka ɗauki tsani a ka muka ƙarasa da ƙafa. Ga ƙarfen kuma mai kauri, an yi masa walda ciki da waje. Shi ke nan, kin ji. Ki bar shi haka.

Auta: Amma da rai kuka same ta.

Yaya: Wa ya ce miki?

Auta: Kunnena. Ta daina amsa min, amma ban sauke ba, dokarmu ce ba a saukewa sai kun isa. Ina ta magana. Na ji ƙarar injin yankan ƙarfe, na ji abu ya faɗi. Daga nan sai na ji numfashi, kusa da wayar sosai, da ƙarfi, kamar mai haki. Na ce alhamdu lillahi tana da rai. Sai layin ya yanke. Washegari na ji wai ba ta kai ba. Numfashin nan shi ke hana ni sakat, Yaya. Ko famfo na buɗe sai in ji shi a ciki. A hannunka ta cika? A tsani? A mota?

Yaya: Ba nata ba ne.

Auta: Me?

Yaya: Numfashin. Ba nata ba ne, nawa ne.

Auta: Ban gane ba.

Yaya: Kai, ku ɗan ba ni wuri. Ku je can ku naɗe tiyon, ina zuwa. ... Kina ji?

Auta: Ina ji.

Yaya: Ko da na shiga ta riga ta tafi. Tana zaune a ƙasan tagar, ta jingina da bango, zanen a jiƙe a ƙasan ƙofa yadda kika ce. Wayar tana kan cinyarta, a buɗe. Na taɓa wuyanta, babu. Na miƙa ta ga na bayana ta taga. Sai na ji ana magana a ɗakin. Na ɗauka akwai wani, na shiga lalube cikin hayaƙi, ashe wayar ce ta faɗi ƙasa. Na fito da ita kan tsani, na ture abin fuskata, na kara a kunne. Sai na ji ke ce.

Auta: Inna lillahi.

Yaya: Kin san abin da kike ce mata?

Auta: Ina ce mata suna zuwa.

Yaya: Ba shi kaɗai ba. Cewa kike, Baiwar Allah, ki saurare ni, ki natsu, kina ji na? Yayana ne ke zuwa. Na san shi, bai taɓa barin kowa a ciki ba. Yanzu zai fito da ke. Kina ta maimaitawa, a hankali, da muryar nan taku ta aiki.

Auta: Yaya...

Yaya: Layin bai yanke ba. Ni na kashe.

Auta: Me ya sa ba ka yi magana ba? Ko kalma ɗaya. Ka ce Auta, ni ne.

Yaya: In ce miki me? In ce ga yayan naki ya iso?

Auta: Ba a ba mu damar yi wa mutum alkawari ba, na sani. Tana kuka ne, tana cewa ba mai zuwa, ni kuma na ga motarku ce aka tura. Abin da nake da shi ke nan na ba ta.

Yaya: Ban ce kin yi laifi ba. Tambaya kika yi me kika yi min, ga shi na gaya miki. Na ga abin da ya fi wannan muni sau nawa, na dawo na ci abinci na yi barci. Ita wannan ko ƙuna babu a jikinta, kamar mai gyangyaɗi. Ba abin da na gani ne ya tsaya min ba. In wayata ta yi ƙara na ga sunanki, sai in ji ƙamshin ɗakin nan a hancina. Ko yanzu da muke maganar nan, na nisanta ta da kunnena, shi ya sa nake ta ce miki ban ji ba.

Auta: To ka ga kai ma ji ka yi.

Yaya: Kar ki mai da ni abin misali.

Auta: Wannan ɗin da ka gaya min, shi za ka gaya mata. Ba sai ka ƙara komai ba.

Yaya: In gaya wa baƙuwa, ta rubuta, gobe Kwamanda ya karanta da shayinsa? Ke ma don kin matsa ne. Kuma kar in ji shi a bakin Mama ko matata.

Auta: Ba mai ji. Amma ka shiga, don girman Allah. In ba don kanka ba, don ni. Gobe da safe zan koma kan kujerar nan, ban san wa zai kira ba.

Yaya: Ga ta can ma ta fito.

Auta: Wa?

Yaya: Likitar taki. Ta rataya jaka, ta ɗauko kwalinta a hammata. Tana ja wa ɗakin ƙofa.

Auta: Yanzu? Ai lokacin tashi bai yi ba!

Yaya: Ta gaji da zama ita kaɗai, ina laifinta.

Auta: Tsayar da ita. Yaya, je ka tsayar da ita.

Yaya: Kowa yana benci. Kwamanda ma ga shi a bakin ofis da kofi a hannu.

Auta: Ka ce saƙo za ka ba ta. Ka ce ƙanwarka ce ke son magana da ita, ka miƙa mata wayar, in ya so ku koma ciki tare.

Yaya: Su waɗannan ba yara ba ne, sun san...

Auta: Ta kai ina?

Yaya: Tana gaisawa da mai gadi.

Auta: Tsakaninku da nisa?

Yaya: Ba nisa. Na ɗan matso. Amma na kasa ƙarasawa, Auta. Ban san me zan fara ce mata ba.

Auta: To tsaya. Yaya, ka saurare ni. Ka natsu. Ja numfashi a hankali. Ina tare da kai, ba zan sauke ba. Kana ji na? Taku ɗaya kawai za ka...

Yaya: Kar ki yi min wannan muryar.

Auta: Wace murya? Ni dai cewa na yi ka natsu, yanzu za ka...

Yaya: Na ce kar ki yi min ita!

Auta: Wayyo, ban lura ba, wallahi bakina ne ya saba. Yi haƙuri, na daina. Ga shi na daina. Ta fita ƙofar? Yaya, ta fita ko tana nan? ... Yaya? Kana ji na?